Kyamarar Yaya Habu Ba Ta Kallon Mai Kuka

Duk wanda ya san Yaya Habu ya san ba ya taɓa kyamara sai da alwala. Shi ne mai ɗaukar shirin addini na gidan talabijin a nan yankin Kazaure. Ni ƙanensa ne, tela, kuma ni nake kai shi aiki a babur duk ranar da motar ofis ta ƙi tashi. Takan ƙi kuwa.

Buta yake fara ɗaurawa a bayan babur, sannan kyamara. Wata rana a Roni, masallaci ya cika, malami ya gyara zama zai buɗe tafsiri, sai Yaya ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, a ɗan dakata mini."

"Lafiya, Habu? Batir ne?"

"Batir a cike yake, Allah gafarta. Alwalata ce ta ƙare."

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Haka jama'a duka suka zauna jiran butar Yaya.

Ba ya kuma yanke mai karatu a tsakiyar aya. Abokan aikinsa sun ba ni labarin ranar da ya kai musu musabaƙar da ya ɗauko a Babura. Lokacin shiri ya cika, mai karatu bai dire ba. Shugaban sashe ya ce, "Habu, yanke nan, tallar taki na jira."

"Ranka ya daɗe, tun bara manoma ke jiran taki. Yau shi ma ya ɗanɗana."

Kai, Yaya! Ana dariya, amma ba a yanke ba.

Dokarsa ta uku ce ba a yi wa dariya ba. Ba ya ɗaukar fuskar mutum yana addu'a. Da aka kawo sabon shugaba, sai ya ce yanzu a waya mutane ke kallo, fuska suke so, hawaye suke so. Ya ce wa Yaya in ya sake kawo ƙeyar mutane a maimakon fuska, za a karɓe shirin. Yaya ya yi shekaru yana wannan shiri, ba shi da wani abin da yake so kamarsa.

A daminar ce ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa. Aka fita roƙon ruwa a Gwiwa da hantsi, na kai shi. Maza duk sun juya rigunansu ciki a waje, makiyaya sun tsaya da shanu a gefen fili. Ni da nake tela ban taɓa ganin bayan ɗinki da yawa haka ba. A sahun gaba akwai wani dattijo makiyayi, yana kuka har gemunsa ya jiƙe.

Na matsa kusa na ce, "Yaya, ga abin da oga ke nema. Juya kawai."

"Sani, da wa yake magana?"

"Da Allah."

"To ba mu ya kira ba. In na kai fuskar nan, gobe a sa mata kiɗa a waya."

Ya mai da kyamara ƙasa, kan kaushin ƙafafu, daga nan ya ɗaga ta sama inda babu ko ɗigon gajimare. Wallahi na ji haushinsa.

Ba mu gama naɗe waya ba hadari ya taso daga gabas. Ban san yadda zan faɗa ba. Ruwa ya sauko, manyan mutane suna gudu a cikinsa suna kabbara. Yaya ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kyamara, bai kashe ta ba. Abin da ya shiga ciki duhu ne, da ƙarar ruwa, da muryoyin mutane. Abin da ya kai ofis ke nan.

Shugaba ya ce, "Habu, talabijin muke ko rediyo?"

"Ranka ya daɗe, mai son ganin ruwan ya leƙa waje."

Aka karɓe shirin, aka mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin kaset. Har ya rasu ban ji ya yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Ranar sadakar uku, dattijon nan makiyayi ya zo tun daga Gwiwa. Ya zauna a kan tabarma. Ya ce, "Ran nan na ga ya nufo ni da abin nan nasa. Na so in daina kukan, na kasa. Sai na ga ya kau da kai. Ban samu na gode masa ba."



Ya Allah, Habu ya ji kunyar bayinka, ya rufa musu asiri. Ka rufa masa nasa, ka yalwata masa kabarinsa. Amin.