Kwalaben Ƙarin Jini da Suka Kusa Kai Ni Kabari

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ce uffan a nan ba. Na ji an ce na tsallaka Nijar ci-rani, wasu kuma sun ce girman kai ne ya kama ni. A kwance nake, farko a asibiti a Sakkwato, daga baya a ɗakin Innata a Unguwar Lalle.

Tun ina yaro idona a ɗashe yake, cikina a kumbure. Wanzami ya yi mini tsaga a gefen hagu wai don saifa, tabon yana nan har yau. A gona kunya biyu nake nomewa in zauna ina haki. Sunana a gida raggo, kuma na amsa shi shekara ashirin da huɗu.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero yake shirin fid da kai, jikina ya ƙi gaba ɗaya. To wa zai kula? Kowa ya rame, kowa ya ɗashe. Wani mai kemis a kasuwar Isa ya ja fatar idona ƙasa, ya leƙa, ya ce, "Yunwa ta kawai. Bana kowa haka shike. Sha wanga, jini za shi dawo."

Maganin ƙarin jini ne, baƙi, mai ƙarnin ƙarfe. Inna ta sayar da akuyarta ta rinƙa sayo mini kwalba bayan kwalba, safe da yamma da hannunta take ba ni. Fatata ta yi duhu kamar gindin tukunya, ƙafafuna suka kumbura. Maƙwabta suka ce ai jinin ne yake dawowa.

Wata Laraba na yanke jiki na faɗi a bakin rijiya.

A Sabon Birni aka ƙara mini jini leda biyu, aka tura mu Sakkwato. Can kullum da safe a soka allura a ɗebi jini, a bi layin ɗakin gwaji, a ce a dawo jibi. Yayana ya ba da jininsa, ya kuma sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi. Na ji tsoro ƙwarai. Mutumin gadon kusa da ni mun yi hira da hantsi, kafin la'asar an lulluɓe shi.

Sai a mako na uku wata likita ta zaunar da mu ni da Inna. Ta ce sunan ciwon talasimiya, gadonsa ake yi daga uwa da uba tare. Ta ce kowane jariri da irin jinin da ya rayu da shi a ciki ake haifarsa, bayan wasu watanni jiki ya daina yin sa ya koma yin na manya. Nawa na manyan ne yake da matsala. Sa'ar da na yi, jikina bai daina yin na jarirai gaba ɗaya ba, da ɗan wannan ragowar nake ta lallaɓawa tsawon rayuwata.

Da ta ga kwalaben da Inna ta zo da su a leda, fuskarta ta canza. Ta ce mai irin ciwona sinadarin ƙarfe taruwa yake masa a hanta da zuciya, shi ne kuma a cikin maganin nan, mu kuwa ƙara shi muke yi da cokali.

Ina da ƙanwa, Hadiza. Ita ma da kumburin ciki ta tashi, ita ma an yi mata tsaga, kuma ta rasu a wani farin da aka yi kafin wannan tana shan irin wannan magani. Inna ta ce, "Likita, ɗiyata fa? Ashe da hannuna nika ba ta?"

Likitar ta ce ba a gwada Hadiza ba, ba wanda zai iya sani. Inna ta gyaɗa kai kawai.

Yanzu ina shan magani biyu. Ɗaya yana sa jiki ya ƙara yin jinin jariran nan, ɗaya yana fitar da ƙarfen. Duk wata ina zuwa gwaji. Ba warkewa ba ce, amma wata biyar ke nan ba a ƙara mini jini ba, kuma ina zuwa masallaci da ƙafata.

Haushi yana nan, ba za ni ɓoye ba. Ina jin haushin mai kemis, ina jin haushin duk wanda ya kira ni raggo.

Na gode wa Allah, na gode wa yayana da likitar nan da ma'aikatan jinya. Don Allah, in yaro ya fara ɗashewa tun yana goye kuma saifarsa ta kumbura, ku kai shi a gwada irin jininsa. Kada ku ba kowa maganin ƙarin jini sai likita ya auna. Masu shirin aure ku yi gwaji, ku tambayi talasimiya da sunanta, kada ku tsaya a sikila.

Ku sa Inna a addu'a. Kullum tana zaune kusa da ni lokacin shan magani, amma ta ƙi yarda ta miƙo mini ko ƙwaya ɗaya da hannunta.