Malam Rediyo da Kujerar Bayan Ƙofa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi Malam Rediyo a shekarar 1948, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a gidan haya da ke bayan layin masu gyaran keke. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, mutum mai ƙarancin magana wanda yakan wuni bai ce uffan ba in ban da gaisuwa, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinkin kayan yara ce. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma dangi sun yi ittifaƙi a kan cewa duk maganar da mahaifin ya yi ta tanadi tsawon rayuwarsa, wannan ɗa ne ya gaje ta shi kaɗai.

Kakarsa ta wajen uwa ce ta laƙaba masa sunan da duniya ta san shi da shi, a shekarar da aka fara kawo akwatin rediyo unguwarsu. An ruwaito cewa ta saurari akwatin, ta dubi jikanta, ta ce: "Wancan ai da sauƙi, akwai inda ake murɗawa ya yi shiru. Namu kuwa sai barci ya sace shi." Laƙabin ya bi shi har ya danne sunan yanka, shi ma bai taɓa nuna ɓacin rai a kansa ba.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1955, bayan ya yi nisa a karatun addini a hannun wani maƙwabcinsu. A shekarar 1962 ya wuce kwalejin horar da malamai, inda ya shahara da fasaha da balaga, har aka naɗa shi shugaban ƙungiyar muhawara. Tarihi ya nuna cewa ba a taɓa kayar da shi a muhawara ba, ko da yake abokan karatunsa sun dage a kan cewa dalilin shi ne babu wanda ya taɓa samun sararin buɗe baki. Ya kammala a shekarar 1967 da kyakkyawar shaida ta ilimi da ɗabi'a.

Fara aikinsa da ƙungiyar farko

Ya fara koyarwa a shekarar 1968. Tun a wannan lokaci abin da ya tsaya masa a rai shi ne halin matasan da yake gani bayan an tashi daga makaranta, suna zaune a kan kwalbatin bakin titi, ba sana'a, ba abin yi, sai ƙirga motocin da ke wucewa. Saboda haka a shekarar 1971 ya kafa ƙungiyar raya matasa a wani aji da ba a amfani da shi, ana haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar.

Ƙungiyar ta cika ta batse, domin Malam mutum ne mai daɗin baki, yana iya ɗaukar zancen wanke hannu ya mai da shi hira mai sa dariya. Shi ke riƙe da makullin ajin, shi ke jera benci, shi ke zaɓen abin da za a tattauna, shi ke tambaya, kuma sau da yawa shi ke ba da amsa. A shekarar 1974 ya faɗi a kan babur, ƙafarsa ta dama ta karye, aka kwantar da shi a asibiti na tsawon watanni. Asabar ta farko matasan suka zo suka tarar da ƙofa a kulle, makulli yana aljihun rigar Malam a asibiti, suka ɗan tsaya suka watse. Lokacin da ya fito yana dogara sanda, ya iske gizo-gizo ya yi saƙa a kan benci, matasan kuma sun koma kan kwalbatinsu. Wannan al'amari ya yi masa ciwo fiye da karayar, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Aurensa

A cikin masu jinyarsa akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, mace mai natsuwa da taƙaita zance. Wata rana ya koma a duba ƙafar, ya yi ta zuba mata ƙorafi a kan butulcin yaran zamani, ita kuwa tana warware bandeji ba ta ko ɗago kai ba. Da ya tsaya shan iska sai ta ce: "Malam, ƙungiyar da ta mutu don ƙafar mutum ɗaya ta karye, ai ba ƙungiya ba ce. Sauraro suke zuwa yi, da tasha ta ɗauke kowa ya kama gabansa."

Waɗanda ke kwance a ɗakin sun shaida cewa a ranar ce aka fara kayar da Malam a muhawara. An ɗaura aurensu a shekarar 1975, kuma har ƙarshen rayuwarsa Sista yake kiranta, ita kuma tana ce masa Malam. Yakan faɗa a gaban jama'a cewa ya aure ta ne don gudun kada ta je ta faɗa wa duniya cewa ta kayar da shi.

Horar da masu aikin sa-kai

A shekarar 1978 ofishin kula da harkokin matasa ya ɗora masa alhakin horar da masu aikin sa-kai, wato manyan da suka yarda su jagoranci ƙungiyoyin matasa a unguwanninsu ba tare da lada ba sai na Allah. An ba shi tsohon ɗakin ajiyar kaya da ke jikin laburare, mai fanka ɗaya mai ƙara da tagar da ba ta rufuwa. Rukunin farko ya ƙunshi tela, da direba, da mai sayar da magani, da malaman makaranta da suka yi ritaya, kuma kowannensu ya zo ne da nufin ya tara yara ya yi musu nasiha. Malam ya gane cutar nan take, tunda shi ma ita ta kwantar masa da ƙungiya.

Saboda haka ya kafa ƙa'idoji biyu waɗanda suka zama ginshiƙin horonsa. Ta farko ita ce kujerar bayan ƙofa: matasa su zaɓi shugabansu da mai riƙe makulli daga cikinsu, su tsara abin da za su yi, ko gyaran famfon unguwa, ko shuka itatuwa, ko koyon taimakon gaggawa, ko muhawara, jagora kuwa ya koma bayan ƙofa ya zauna da kofin ruwa a hannu. Duk lokacin da magana ta taso masa, sai ya kurɓi ruwa ya haɗiye ta tare da shi, kada ya sa baki sai an tambaye shi ko ya ga haɗari. Ta biyu ita ce jarrabawar rashi: kafin a ba mutum shaidar kammala horo, wajibi ne wata Asabar ya ƙi zuwa ba tare da sanarwa ba. In ƙungiya ta zauna ta yi aikinta, ya ci. In ta watse, sai ya sake horo.

Wanda ya fi shan wuya a wannan tsari shi ne wani dattijo da ake kira Hedimasta, wanda ya shafe shekaru talatin babu mai magana in yana tsaye. A zamansa na farko a bayan ƙofa ya shanye kofi, ya shanye jug, ya fita zagayawa har sau ba adadi, daga ƙarshe ya tare Malam a baranda ya ce: "Malam, ni fa taimakon yara na zo yi, ba gwajin mafitsara ba. Ina ji ina gani suna shirme, ka ce in sha ruwa?" Malam ya amsa masa da cewa: "Ranka ya daɗe, shirmen da suka yi da kansu suka gyara ya fi daidan da ka yi musu. Ƙaro ruwa."

A ranar jarrabawarsa ta rashi, Hedimasta bai iya zaman gida ba, sai ya laɓe a shagon tela da ke fuskantar ajin yana leƙe ta bayan labule. Ya ga matasan sun buɗe ƙofa, sun yi gardama, sun sasanta, sun ɗauki shebur sun tafi yashe magudanar ruwa. Ya dawo wurin Malam ransa a ɓace, ya ce: "Ka san ko tambayata ba su yi ba?" Malam ya kama hannunsa ya ce: "To barka, ka ci." Daga wannan shekara har zuwa rasuwarsa, Hedimasta ya kasance mafi tsananin masu kare ƙa'idar kofi.

Tsakanin shekarar 1978 da 2008, ɗaruruwan maza da mata sun bi ta wannan ɗaki, ƙungiyoyi suka yaɗu a unguwanni, kuma da yawa daga matasan da aka bar wa makulli sun girma sun dawo neman horo.

Iyalinsa

Allah ya albarkaci aurensu da 'ya'ya biyar tsakanin shekarar 1976 da 1989. Ya ba su tarbiyya da ilimi gwargwadon hali, kuma gidansa gida ne na raha. Sai dai 'ya'yan sun tabbatar da cewa ƙa'idar kofi ba ta taɓa ƙetare ƙofar gida ba, domin a falo Malam ke buɗe hira, shi ke rufe ta. Autarsa ce kaɗai ta sami maganinsa: in zance ya yi tsawo sai ta tashi ta ɗebo ruwa, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Baba, ga ruwa."

Shekarunsa na ƙarshe

Ya yi ritaya a shekarar 2008, amma ritayar ta tsaya a takarda, domin bai fasa zuwa ɗakin horo ko Asabar ɗaya ba. A nan ne damuwa ta fara shiga zukatan almajiransa, har da Sista. Mutumin da ya koya wa kowa komawa bayan ƙofa, shi ne har yanzu ke tsaye a gaban allo, makullin ɗakin kuma yana aljihunsa kamar a shekarar 1974. Kowa yana tsoron kada ranar da ya faɗi, horon da ƙungiyoyin su bi sahun ƙungiyar farko.

A shekarar 2012 wata tsohuwar ɗalibarsa mai kula da laburare, wadda matasa ke kira Anti, ta jagoranci sauran jagorori suka yi masa juyin mulki cikin ladabi. Ya shigo ya tarar an ajiye masa kujera a bayan ƙofa da jug cike da ruwa, Anti kuma ta miƙa hannu ta ce: "Malam, a ba mu aron makulli." Ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa, ya zauna. An ce a ranar ya kusa kamo Hedimasta wajen shan ruwa.

Kujera dai ya yarda da ita, amma jarrabawar rashi ta gagare shi. Duk lokacin da Sista ta tuna masa cewa shi kaɗai ne a cikinsu bai zauna wa jarrabawarsa ba, sai ya ce, "Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda." Asabar kuwa ba ta ƙarewa. Sau ɗaya ya faɗa mata gaskiyar zuciyarsa, ya ce: "Sista, tsoro biyu nake ji. Ina tsoron in ƙi zuwa abin ya watse, ina kuma tsoron in ƙi zuwa ba a ko lura ba." Ta ce masa: "Na biyun ai shi ka yi shekara arba'in kana roƙo."

Rasuwarsa

Malam Rediyo ya rasu a gidansa da safiyar wata Asabar ta shekarar 2019, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da ɗaya. Labari ya bazu, jagororin ƙungiyoyi maza da mata suka cika gidan, babu jagoran da ya rage wurin ƙungiyarsa. Wasu suka kawo shawarar a aika a sanar da matasa cewa an ɗage zaman ranar, Sista ta ɗaga hannu daga inda take zaune ta ce kada a aika ko'ina, kada a ce musu su zo, kada a ce musu su fasa.

An yi masa sutura da salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa cikin taron jama'a mai yawa, ciki har da matasan ƙungiyoyin. Bayan la'asar, a hanyar dawowa daga maƙabarta, wasu jagorori suka biyo ta gaban laburare, suka ga ƙofar ɗakin horo a buɗe. Sababbin masu neman horo sun jera benci da kansu, ɗaya daga cikinsu yana tsaye yana maimaita wa 'yan uwansa ƙa'idar kofi. Kafin magariba saƙo ya yi ta isowa daga unguwanni cewa matasa sun koma sun buɗe azuzuwansu, sun yi wa Malam addu'a, sannan sun ci gaba da aikin da suka tsara, ba tare da jagora ko ɗaya a bayan ƙofa ba.

Ya rasu ya bar matarsa Sista da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, mai koyar da aikin kafinta, mai bi masa, ungozoma, na uku, direban jirgin ƙasa, na huɗu, malamin lissafi, sai Auta, wadda yanzu take horar da masu aikin sa-kai tare da Anti. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa hidimarsa ta zama hasken kabarinsa.

Anti ce ta shiga ɗaki ta isar wa Sista labarin abin da aka gani. Sista ta saurara har ƙarshe, ta share hawaye da gefen mayafinta, ta yi murmushi ta ce: "Alhamdu lillahi. Yau dai bai je ba, kuma ya ci."