Daga Gindin Kanya Zuwa Bakin Ruwa

Mun tashi daga Kucheri bayan an sallame sallar asuba, ni da kawuna, yayan mahaifiyata. Daga gida kawai muka tashi, domin a hanyarmu yanzu ba direban da ke taka kwalta sai gari ya waye sosai, ya ga motocin Gusau sun fara wucewa. Muka zauna a bencin mai shayi muna jira. Kawu yana riƙe da sandarsa da wata 'yar ƙwarya a cikin jaka. Ni kuma ina riƙe da littafin da nake zuwa da shi ajin yaƙi da jahilci, da biro biyu.

Ga abin da ya fitar da mu. Kawu Bafillace ne makiyayi, ya haura shekara saba'in, shanu ashirin da biyu suka rage masa. Tafkin da suke sha a bayan garinmu kowace shekara yana riga lokacinsa ƙafewa, bana kuwa tun ba a gama sussukar dawa ba ya koma rabi. Dajin da ake kai su a da ba ya shiguwa. Idan bai samo musu ruwa kafin bazara ba, sai dai ya sayar da su duka.

Shi ne ya tuna da mashayarsu ta gulbi, can gaba da Bunguɗu, inda aka haife shi. Tun kakanninsa a nan suke cin rani. Akwai magana tsakaninsu da manoman wurin: daga gindin wata kanya zuwa bakin ruwa na shanu ne, ba mai nomawa. Su kuma shanun su kwana a gonakin tudu su bar taki. Rabonsa da wurin ya fi shekara talatin. Ya ɗauke ni ne don ya ji an ce na fara rubutu, yana so wannan karo a sa maganar a takarda.

Sai da rana ta fito muka samu ƙaramar mota, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Da fasinjoji suka ga malfar Kawu da sandarsa, sai hira ta mutu. Da muka wuce Tsafe Kawu ya ciro goro ya fasa, ya miƙa wa kowa har direba, hira ta dawo a kan tsadar takin zamani. A Kwatarkwashi ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce tun da muka fito, wannan kaɗai ya gani a inda ya bar shi.

A Gusau muka sauka muka canza mota. Na saya mana fura da nono a bakin tasha. Kawu ya kurɓa sau ɗaya, ya tambayi mai furar ko wace irin saniya ce take ba da wannan nono. Ta ce ta gwangwani ce, Baba, ba ta cin dusa, ba ta shiga gonar kowa. Ya ce lallai mai ita ya huta. Ya shanye dai, don ba ya barin abin da aka biya.

Hanyar Bunguɗu ba ta da nisa. Ga rake da dankali an jibge a gefen titi, ga tifofi cike da yashi suna wuce mu ruwa na ɗiga daga bayansu. Daga Bunguɗu muka hau babur zuwa wani ƙauye, daga nan sai ƙafa. Na ce mu tambayi mutanen gari inda kanyar take. Kawu ya ce shi ba ya tambayar hanyar gidansu. Yadda suke gane wuri shi ne su shiga cikin gulbi su bi yashi suna ƙirga lanƙwasa. Daga mafitar ƙauyen, a lanƙwasa ta uku kanyar take, ta hannun dama.

Muka shiga. Ruwan siriri ne a gefe ɗaya, ko gwiwa bai kai ba, sauran duk yashi da sawun taya. Muka wuce lanƙwasa ta ɗaya, muka wuce ta biyu. Daga nan gulbin ya miƙe sambal kamar titi. Muka yi ta tafiya kusan awa guda, ba lanƙwasa, ba kanya. Gaɓar kuma ta kowane gefe a tsaye take, ta fi tsawon mutum biyu. Kawu ya ce a da gangara ce mai sauƙi, ɗan maraƙin kwana uku yana sauka da ƙafarsa. Sau biyu yana tsayawa ya sake ƙirga da yatsu, yana zaton shi ne ya yi kuskure.

A ƙarshe muka iske wasu mutane suna loda wa tifa yashi. Babbansu ya ce shi ɗan masunta ne, amma rabonsa da jefa taru tun yana saurayi, yanzu shebur ne sana'a. Da na ambaci kanya, ya nuna bayanmu da haɓa. Ya ce mun baro ta tuni, kuma ba a bakin gulbi take ba, tana tsakiyar albasa.

Muka hau gaɓa da ƙyar, ina tura Kawu daga baya. Muka bi kunyoyin gonaki muka koma, tafiyar kusan rabin awa. Kanyar tana nan da ranta, ƙatuwa, inuwarta a cike. A gabanta ƙasa ta yi kwari ta zagaya kamar lauje, kore shar da albasa da tumatir, injinan ban ruwa suna ta kuka. Wannan kwarin shi ne lanƙwasa ta uku da muke nema. Kawu ya dafa wata saiwa da ta fito waje, ya ce a nan mahaifinsa yake zama yana kallon shanu suna sha. Ya zauna a kanta.

Mai gonar da ke kusa ya kashe injinsa ya zo. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. Bayan an gaisa, Kawu ya faɗi sunan mahaifinsa. Mutumin ya cire hula ya sosa kai, ya ce ashe ku ne Fulanin kanya. Ya san maganar, mahaifinsa ya sha ba su labari. Ya ce wata damina da aka yi ruwa mai yawa, gulbin ya ƙi zagayowa, ya yanke ta can ya wuce, bai sake dawowa ba. Shekara biyu kwarin yana tafki, daga baya ya bushe. Suka jira ba Bafillacen da ya zo. Wani ya gwada dasa albasa ta yi kyau, saura suka bi. Yanzu gidaje da yawa a nan suke ci.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Maganar dai ba ta canza ba. Daga kanyar ga zuwa bakin ruwa."

Mai albasa ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce: "Baba, in haka na, har gonar surukina shanunka za su kwashe, kuma ni za a kora da matata. Ruwan da iyayenmu suka ce, nan yake kwance inda kake kallo. Shi ya tashi, ba mu muka kore shi ba."

Kawu ya ce in nan yake kwance, to yana nan a ƙasa. Ya ciro ƙwaryarsa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya ɗauko ta. A da, idan rani ya yi tsanani ruwan sama ya ɗauke, sukan tona yashin gulbi da ƙwarya, kafin a kai gwiwar hannu ruwa ya tsattsafo, a faɗaɗa ramin shanu su sha. Ya ce in ruwa ya fito a gindin kanya, ba ya buƙatar ya ratsa albasar kowa.

Akwai ɗan fili mai yashi da ba a dasa komai ba. Ya durƙusa ya fara tona. Ya kai gwiwar hannu, ya kai kafaɗa. Mai albasa ya kawo shebur ba tare da an roƙe shi ba, ni da shi muka karɓa muna canji. Muka tona har ramin ya kai mini ƙirji. Yashin da sanyi, yana dunƙulewa a hannu, amma ko ɗigo babu. Mai albasa ya ce bututun injinsa ya fi tsawon mutum biyar a ƙasa, kuma bara sai da ya ƙara masa. Kawu ya ce a ba shi lokaci, wani ruwan yana da nawa.

Muka ba shi lokaci. Aka aiko mana da hoce da ƙuliƙuli daga gidan mai albasa, muka ci a inuwa. Azahar ta yi, na yi alwala a bakin tiyo. Kawu ya je ya leƙa ramin tukuna, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya tara hannu a tiyon shi ma.

Bayan salla mai albasa ya kawo tasa shawarar. Ya ce hanya zuwa sabon gulbi ba za ta yiwu ba, gonakin mutane da yawa ne a tsakani, kuma ko an ba da hanya, saniya ba ta sauka waccan gaɓa sai da karyayyar ƙafa. Amma zai gina kwami na siminti a gindin kanya, kullum da safe in ya gama ban ruwa ya cika shi. Shanun su kwana a gonarsa ta tudu kamar yadda aka saba, don buhun taki ya fi ƙarfinsa. Sai dai a bazara bututun kansa rauni yake yi. Abin da zai iya ɗauka shanu goma sha biyu ne, in ya ce fiye da haka ya yi ƙarya.

Kawu ya ce: "In injin ya lalace fa?"

Mai albasa ya ce: "Sai mu kira mai gyara, Baba. Gulbi ma ai ya lalace, shi ko ba mai gyara shi."

Muka je gidan mai gari don a samu shaida. Na buɗe littafina a kan cinya, na tambaya me zan rubuta a matsayin iyaka. Mai albasa ya ce in sa kanya. Kawu ya ce in sa kanya, amma kada in kuskura in rubuta bakin ruwa. Abin da na rubuta ke nan: gindin kanya, kwami ɗaya, shanu goma sha biyu, daga shigowar bazara zuwa faɗuwar ruwan farko. Na rubuta sau biyu, kowa da tasa. Na ɗan daɗe, ba wanda ya gaggauta ni. Aka shafa tawadar biro a babban yatsa, suka dangwala.

La'asar ta wuce kafin mu iso Gusau, saboda haka muka kwana a gidan wani ɗan'uwa. Da safe muka kamo hanyar gida. Tun daga tasha Kawu ya ce in buɗe sabon shafi, in rubuta goman da za a kai kasuwa. Yana faɗa ina rubutawa, mota na girgiza hannuna: jan bijimi, fara mai gajeren ƙaho, baƙar da ba ta haihu ba bana. Kafin Kwatarkwashi mun kai bakwai. Daga nan abin ya yi nauyi. Sau uku yana sa ni in soke suna in mayar da wani.

Tafiyar nan ta gyara mini wani tunani. Tun da na shiga aji nake ganin duk rigimar fili da ake yi a ƙasar nan don iyayenmu ba su rubuta ba ne. Amma da sun iya rubutu, abin da za su sa a takarda shi ne daga kanya zuwa bakin ruwa, kuma da mun iske abin da muka iske. Ba wanda ya ci amanar wani a wurin nan. Sun ɗaura maganarsu a jikin abin da suka ɗauka ba ya motsi. Ni ma na ɗaura tawa a jikin itace da inji, ban san shekara nawa za ta yi ba.

Mun wuce Tsafe sunaye goma sun cika. Na goman wata tsohuwar saniya ce mai karyayyen ƙaho, ba ta da nono, ba ta da nama, ita ce ta fi cancanta a sayar. Da muka sauka a Kucheri, muna tafe a ƙafa, Kawu ya ce in soke ta, in sa wata karsana mai ƙiba a madadinta. Na ce Kawu, wannan ai asara ce. Ya ce ya sani. Ya ce tsohuwar jinin shanun mahaifinsa ce, kakannin kakanninta a gindin kanyar nan suka sha, ya kamata a ce ko ɗaya daga cikinsu ta koma, ko da daga tiyo za ta sha.

Na tsaya a bakin hanya, na ɗora littafin a gwiwa, na soke ta.