Noti Shida a Ƙafar Baba Tela

Shekara talatin da biyar Baba Tela ya yi yana taka keken ɗinki da ƙafar dama kaɗai, don gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwashewa sosai tun yana ƙarami. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, kuma duk layin an san al'adarsa: kowace Asabar da safe sai ya durƙusa da sukundireba ya bi notin keken nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. In ka tsokane shi, sai ya ce duk abin da ke girgiza, notinsa kwancewa yake yi.

Ranar da tsautsayi ya faɗa masa, ƙwan fitila ya hau kujera zai canza. Kujerar ta goce, idon sawunsa na dama ya karye wuri biyu. Aka yi masa aiki, aka sa masa ƙarfe. Da likita ya ɗaga hoton ƙashin, kowa na murna ƙashi ya zauna daidai, shi kuwa Baba Tela ƙirga yake yi. Noti shida ya gani, a cikin namansa, inda sukundireba ba za ta taɓa kaiwa ba. Tsoro ya kama shi, amma ya bar abin a ransa.

Bayan an cire filasta, aka haɗa shi da wata likitar gashin ƙashi, matashiya mai fara'a wadda ba ta ɗaukar wasa.

"Baba, aikinka mai sauƙi ne," in ji ta. "Ka ɗaga tafin ƙafar sama, ka sauke ƙasa, kamar kana taka kekenka. Sau uku a rana. In ka bar ta a zaune, sandarewa za ta yi."

"To, 'yata," ya ce.

Kamar yana taka keke! Ai abin da yake tsoro ke nan. A gida sai ya ɗora ƙafar kan matashi, ya lallaɓa ta kamar ƙwai. In matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, ka yi motsin kuwa?" sai ya amsa da cewa yanzun nan ya gama. Mutumin da ko a kan ranar karɓar ɗinki ba ya ƙarya, abin da ba kasafai ake samu a wurin teloli ba, sai ga shi yana shirga wa matarsa ita sau uku a rana. Abin yana cin ransa, amma tsoro ya fi ƙarfinsa.

Mako bakwai aka yi a haka. Likitar tana aunawa tana ɓata fuska. Rannan ta ajiye ma'auninta, ta jawo kujera gabansa.

"Baba, wannan ƙafar ba ta aiki a gida. Zafi ne ya yi yawa?"

Ya dubi ƙafar. Sannan ya ce, "'Yata, in sun kwance fa? Wa zai ɗaure su?"

"Su wa?"

"Notin."

Ba ta yi dariya ba, kuma da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta kawo sabon hoton, ta nuna masa yadda ƙashi ya warke ya kama ƙarfen gam. Ta ce motsin da ta ba shi ba zai kwance su ba.

"Amma makonnin da ƙafar ta fi saurin saki, su muka rasa," in ji ta a hankali. "Za mu ci gaba da ƙoƙari. Ba zan yi maka alkawarin za ta dawo yadda take ba."

A cikin motar haya da za su koma, matarsa ba ta yi masa gori ba. Sandarsa kawai ta riƙe masa, tana kallon waje. Shi kuma baƙin ciki ya ishe shi, don ya san babu wanda ya yi masa wannan ɓarnar sai kansa.

Daga nan ya kama motsin kamar zai kashe kansa, har sai da likitar ta taka masa birki. Ya ɗauko tef ɗinsa na awo da alli, yana auna ɗagawar yatsunsa a jikin bangon ɗaki. Mako guda, rabin inci. Wani makon, ko ɗigo.

Wata Asabar ya lallaɓa ya buɗe shagon, bayan wata huɗu. Ƙura ta rufe komai. Da ƙyar ya zauna a ƙasa, ya bi notin keken da sukundireba yadda ya saba. Ko ɗaya bai kwance ba. Amma da ya danna matakin keken da hannu, sai ya ji shi ƙam, tsatsa ta kama shi. Ya daɗe yana kallon matakin, yana kallon ƙafarsa.

Ya ɗiga mai, ya yi ta jijjigawa har keken ya saki. Ya hau kujera, ya sa ƙyalle, ya ɗora ƙafa. Ta danna gaba, amma da za ta dawo sai ta tsaya a rabi. Keken ya juya da baya, zare ya tsinke.

Matarsa, wadda ta biyo shi da sandar da ya bari da gangan, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, mu tafi gida. Gobe ma rana ce."

"Keke ya ji mai ya saki," ya ce. "Ni ta ina zan ɗiga wa tawa ƙafar?"

Ta jingine sandar, ta shigo, ta karɓi bakin zaren daga hannunsa ta zura masa a allura. Ya sake ɗora ƙafar.