Miyar Tsohuwa: Jinjina ga Inna Rabi'a

Kafin injin fasa dutse ya fara ruri a bayan Kwatarkwashi, Inna Rabi'a ta riga ta hura wuta. Ta tankaɗe garin dawa, ta daka daddawa, ta ɗora tukunyar da sai mutum biyu ke iya saukewa. Da azahar ma'aikata su jero da kwanukansu, gira da gemu duk garin dutse. Yawancinsu baƙi ne a nan, daga Kucheri, daga Tsafe, daga Gusau, sai ƙarshen wata suke ganin gida. Kamfani ke ba da abincin rana, ita ke dafawa, tun kanta bai yi furfura ba.

Ba kowa ke son tukunyar kamfani ba. Wasu sukan ce wanda ya dafa nasa ya fi sanin abin da ya shiga cikinsa. Inna ba ta musu. Takan ce, "Ku dahwa mana. Amma wanda ya yini yana ɗaga guduma, ina ya ga hannun tuƙa tuwo?"

Cikinsu akwai Mahadi, mutumin Bilbis. Rana guda ya daina kawo kwano. Ya kafa murhu a bayan ɗakin kwana, yana dafa shinkafa, sama ɗanya ƙasa ƙuna. Kafin ta nuna lokacin hutu ya ƙare.

"Amarya, yau mi aka dahwa muna?" in ji abokinsa Sabiru, kowa ya kwashe da dariya.

Mahadi ya fara ramewa. Wata rana jiri ya ɗebe shi kusa da inji. Malam Bawa, shugaban ma'aikata, ya ce masa, "In ba ka iyawa ka hwaɗi, akwai masu jiran wurinka."

Abin da ba wanda ya sani, likita a Gusau ya gaya wa Mahadi yana da hawan jini, ya nisanci gishiri da dunƙulen magi. Yana tsoron in maganar ta fita a sallame shi, ga iyali a gida suna dubansa.

Inna Rabi'a ta je wurin murhunsa wai ɗiban wuta. Ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana. Lami, ba gishiri. Ta san wannan lamin, don shi ta yi ta dafa wa maigidanta har Allah ya yi masa rasuwa. Ta rufe tukunya, ta ɗauki garwashinta, ta tafi.

Washegari sai ga ƙaramar tukunya a gefen babbar. Kafin ta zuba gishiri ta ɗebi miya a ciki, ta ƙara daddawa da albasa don ta yi ɗanɗano.

"Wagga miyar tsohuwa ce," ta faɗa da ƙarfi kowa na ji. "Jikina ya daina son gishiri, ga ta ta yi mani yawa. Mahadi, kai da ka iya cin ɗanyar shinkafa, taho ka taya ni."

Aka yi masa dariya, ya miƙa kwano. Murhun bayan ɗaki ya mutu tun daga ranar, jikinsa ya dawo, aikinsa ya tsira.

Inna, ke ce kika ciyar da mutum ba ki tona shi ba. Kika ɗora larurarsa a kanki, aka yi ta tsokanarki da tsufa, ke kuwa gishirinki kike ci a ɓoye. Sannu a hankali wasu ma suka zo taya tsohuwa, ba ki tambayi ko ɗaya dalili ba.

Watan jiya gwiwa ta sa ta ajiye muciya. Ranar sallama Mahadi da bakinsa ya ba da wannan labari, a gaban Malam Bawa. Can Malam Bawa ya sosa ƙeya ya ce, "To ni ka ga ina taya ta don mi?"

Mun gode, Inna Rabi'a. Allah ya ba ki lafiya, ya ciyar da ke yadda kika ciyar. Masu dafa wa mutanen da ke nesa da gida, ku duba wanda ya daina kawo kwano.

Da za ta tafi, abu guda ta ce wa Husna, wadda ta gaje ta: "Kahin ki sa gishiri, ɗebi na tsohuwa."

Husna ta ce, "Inna, ai tsohuwar za ta gida."

Inna ta nuna mata layin maza masu gemu, kowa da kwanonsa. "Ga tsohhi nan na bar maki."