Wasiƙar da Yaya Hajara ta aika gidan tele

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Hajara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne jikokina. Kwanan nan na same su sun haɗa kai a kan waya guda, suna ta gardama game da wani wasa na aljanu da sarauniyoyi da aka ciro daga littattafai. Ɗaya na cewa an ɓata labarin, ɗaya na cewa wa ke da lokacin karatu. Na zauna ina saurare, sai na ji kamar muryarta.

Lokacin da nake magana a kai, ita ce malamar yaƙi da jahilci a Tchaké, ni kuma ina aure a garin. Shekarar fari ce, soja ke mulki. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Makiyaya daga wajen Issawane sun sauko da 'yan dabbobin da suka rage, sun yada zango a bayan gari. Mata ba su da ƙarfin zuwa koyon baƙi, don haka Yaya ta sake dabara. Bayan la'asar sai ta zauna ta karanta musu wasu littattafai uku na Hausa da ta sayo a Maradi. Labarin wani gari ne da aljani ya kulle ruwan samansa a cikin gora, da wata tsohuwa maginiyar tukwane, Lantana, wadda ta tara mata suka yi masa wayo har suka kwance bakin gorar. Ba sai na faɗi dalilin da ya sa labarin ya shiga ran mutane a wannan shekara ba.

Sai aka ji za a nuna shi a tele. Akwatin guda ne a garin, na jama'a, a filin lakwal, wato makarantar boko. Ranar farko har matan Fulani masu tallan nono sun ajiye ƙwaryarsu sun zauna. Da Lantana ta fito, fili ya ɗauki guɗa kamar an ga 'yar uwa ta dawo daga tafiya. Makonni aka yi ana jin daɗi, ana musu a bakin rijiya ko aljanin ya kai munin da ke cikin littafi.

A kashi na ƙarshe ne abin ya lalace. Wani jarumi da babu shi a littafin ko sau ɗaya ya ɓullo da takobi, ya sare aljanin, ya fasa gorar. Lantana da matanta suna gefe, aikinsu tafi kawai. Wasu maza sun yaba, suka ce ai haka ya fi armashi. Amma wata dattijuwa, Inna Dije, ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Wanga kuma ɗan wane ne? Mu muka sha tafiyar, shi ya zo ya ci suna?"

Washegari Yaya ta rubuta wasiƙa zuwa gidan tele. Ba zagi a ciki. Ta kawo shafin, ta kawo abin da aka nuna, ta tambayi dalilin da ya sa aka ƙwace aikin mata aka ba mai takobi. Mata suka zo dangwala yatsa. Inna Dije ta ƙi, ta ce sunanta za ta rubuta da hannunta. Kwana huɗu wasiƙar na jiranta tana koyon haruffa huɗu. Ganin haka wasu ma suka ce ba za a bar su a baya ba.

Matasan yau ba za su gane nauyin wannan ba. A wancan zamani, a ce maka mai takobi ba shi ya ceci gari ba, magana ce da za a iya juya ta. An kuwa juya ta. Aka kira Yaya zuwa ofishin hukuma a garin Mayahi, na raka ta. Jami'in da ke cikin kaki ya ɗaga wasiƙar ya ce, "Madam, da wa kike? Wane ne mai takobin nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, nima shi nake tambaya. Ga littafin, nemo mini shi."

Ya karɓa yana juya shafi. Ta nuna masa wurin, ya karanta, ya wuce wurin, ya ci gaba. Mun daɗe a tsaye. Da ya ɗago sai ya tambaya ko akwai na biyu. Ya sallame mu, littafin kuma bai dawo ba. Gidan tele ba su taɓa ba da amsa ba. Bayan watanni aka mayar da ita Hawandawaki, nesa da mu, kan hanya mai rairayi. Har ta rasu ba mu san ko wasiƙar ce sanadi ba, ita kuma ba ta yi ƙorafi ba. Ta buɗe aji a can.

Yau ma soja ke mulki, damina ma ba ta da tabbas. Da tana raye, na san za ta yi murna da yadda kowa ke iya faɗin ra'ayinsa a kan wasa cikin minti guda. Na kuma san za ta tsare jikokina ta tambaye su wa ya karanta littafin kafin ya buɗe baki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Ni ban sa hannu a wasiƙar ba. Na ji tsoro saboda aikin mijina, na ce ciwon kai nake. Yaya ta sani sarai. Shekara da shekaru ina jiran ranar da za ta goranta mini, ranar ba ta zo ba. Da ta rasu, ba ta bar gida ba, ba ta bar garke ba. Ta bar tsofaffi a garuruwa biyu da ke rubuta sunansu da kansu, ta kuma bar ƙanwa wadda ta koyi daina ƙaryar ciwon kai.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa kin huta.