Sista Rifkatu Ba Ta Fasa Zuwa Gaisuwa Ba

Kafin hantsi ya dubi bango, Sista Rifkatu ta riga ta shigo ta Ƙofar Dawanau, ta isa ƙaramin asibitin da ke gindin Goron Dutse. Shekara ashirin da bakwai tana wanke gyambo a nan. Amma ba ta taɓa auduga sai ta shige ɗakin ajiyar magani, ta tura ƙofa, ta durƙusa.

Kirista ce, ita kaɗai a cikinmu ma'aikatan asibitin, Bahaushiya daga wani ƙauye can bayan Dawanau. Uwani mai shara, wadda kunnenta ba ya hutu, ita ta tsegunta abin da ake yi a ɗakin. Babu "ka ba ni", babu "ka yi mini". Sai dai ka ji: "Baba, na zo. Jiya na yi wa wani tsawa, ai ka gani. Lami ta ci jarrabawa." Hira dai ta 'ya da uba, har da dariya.

Uwani ta kasa haƙuri ta tambaye ta: "Sista, ke ba ki da buƙata ne a wurin Allah?"

Ta ce, "Uwani, gidan babanki sai da buƙata kike zuwa? Gaisuwa nake zuwa. Sauran ya sani."

Daga ɗakin nan take fitowa ta tari abin da kowa ke gudu. A tambayi Nata'ala, ɗan dako a kasuwar Kurmi, wanda warin ƙafarsa ya taɓa tashin mutane daga benci. Wata huɗu tana wanke masa. "Wallahi ko hanci ba ta taɓa toshewa ba," in ji shi. Yau da ƙafar yake tura kura.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa na cewa sauƙi ya zo, naƙuda ta kama Lami, 'yarta tilo. Jini ya ɓalle. Asibitin da aka kai ta babu jinin ƙarawa. A ranar nan, Rifkatu ta yi abin da ba ta saba ba, ta roƙa. Abu ɗaya tak: a bar mata Lami. Kafin la'asar Lami ta cika, ita da jaririn.

Bayan kwana bakwai ta dawo aiki. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa. Uwani ta kasa kunne, shiru. Washegari shiru. Shekara biyu ke nan shiru, kuma ko rana ɗaya ba ta fasa shiga ba. Abin yana ci mana rai, don muna gani tana ƙarewa a tsaye.

Uwani ta ce, "Sista, tunda ba kya cewa komai, ki hutar da gwiwar nan mana."

"Fushi nake da shi, Uwani. Amma Ubana ne. In ban zo nan ba, ina za ni?"

Sista, ke ce mai wanke ciwon jama'a alhali naki babu mai iya ɗaure shi. Yanzu ido ya yi rauni, an ce ki huta, ƙauye za ki koma, ɗaki babu kowa. Ba mu da maganin da za mu ba ki. Mun gode, mun gode ƙwarai. Duk wanda ya roƙa bai samu ba, har yana shirin juya wa Ubangijinsa baya, ya dubi matar nan tukuna.

Ranar da Sista ta zo aikinta na ƙarshe, Uwani ta jingine tsintsiya a bakin ƙofar ɗakin maganin, ko za ta ji ta shirya da Uban nata. An daɗe. Can sai ga muryar, ta dushe kamar ba tata ba:

"Baba... Lami fa."

Ta tashi ta wanke hannu, ta leƙo ta ce mai ciwo na farko ya shigo.